Takardata da Kitson Hajiya Memuna

Ku yaran nan kun fi kowa iya raina sana'a. A walimar da aka yi kwanan baya, ina tsaye ina zuba wa mutane shinkafa, na jiyo Ummi 'yar ƙawata tana gaya wa ƙawayenta cewa in karatun nas ya gagare ta, aikin Anti Rabi, wato ni, za ta koma. Wai ai Anti biyanta ake yi ta zauna ta kalli mutane suna barci. Har da ƙarawa da "so easy". Ban tanka mata a wurin ba, don hannuna riƙe yake da ludayi kuma ban yarda da kaina ba. To ga amsar yanzu, ita da masu irin tunaninta.

Aikina gwajin barci ne. Mutumin da likita ke zargin numfashinsa na ɗaukewa in ya kwanta, ko mai minshari kamar injin niƙa, ko wanda ke wuni yana gyangyaɗi a wurin aiki, shi ake turo mana. Ya kwana a ɗakinmu, mu jona masa wayoyi, kwamfuta ta riƙa zana abin da ƙwaƙwalwarsa da zuciyarsa da numfashinsa ke yi har gari ya waye. Da safe a bi zanen nan shafi bayan shafi, kowane shafi rabin minti ne na barcin bawan Allah, a ware inda barcinsa ya yi nauyi, inda ya yi mafarki, inda iska ta tsaya masa. Ku lissafa rabin minti nawa ne a dare ɗaya, sannan ku zo mu yi maganar sauƙi.

Kan farko da na taɓa aunawa na wani dattijo ne mai sanƙo, kuma na ji daɗi, don na ɗauka Allah ya kawo mini sauƙi. Kafin na shiga wannan aiki kitso nake yi a falona a East Greensboro, unguwarmu a nan ƙasar Turawa, lokacin Baban Sadik, maigidana, yana fama da karatunsa na jami'a. Kai kuwa babu irin wanda hannuna bai taɓa ba. Na ɗauko waya zan manna, sai wanda ke koya mini aikin, Mista Wolta, ya riƙe hannuna. Wani dogon Bature ne mai furfura, yana da dawakai biyu a Summerfield, kuma ya fi yi musu magana fiye da yadda yake yi wa mutane. Ya miƙo mini tef ɗin awo irin na tela da jan fensir mai maiƙo, ya ce a nan ba a aiki da ido. Daga karan hanci zuwa ƙashin ƙeya, daga kunne zuwa kunne, sannan zagayen kai, kowanne a auna, a raba, a ɗiga ja. Inda ɗigon ya faɗa nan waya za ta zauna, ko da kuwa wurin bai yi miki kyau ba.

Bayan awo sai a goge wurin da wani mai mai yashi-yashi don a cire maiƙon fata, a cika ɗan kofin da ke bakin wayar da farin manni, a danna, a rufe da guntun bandeji. A sa a gefen idanu, a sa a haɓa, a ƙirji, a ƙwauri. A ɗaura ɗamara biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki. A sa siririyar roba a ƙofar hanci, a maƙala wani abu mai jar fitila a yatsa wanda ke auna iskar da ke cikin jini. In kin gama, mutum ya koma kamar bayan talabijin, sai ki yi murmushi ki ce masa ya saki jiki ya yi barci kamar yana gida. Wani direba ya taɓa kallona ya ce, "Madam, ke kin taɓa ganin gidana?"

Duk wannan aikin hannu ne, kuma hannu ba ya ba ni wahala. Takardu ne suka nemi su ga bayana. Kafin a bar ki ki taɓa kan kowa sai kin nuna kin gama sakandare, tawa kuwa a Zariya take, a ƙasan akwatin Inna. Sai da ƙanena ya tono ta, ya aiko, aka kai ta wurin masu tantance takardun ƙasashen waje suka yarda daidai take da ta nan. Sai kwas na share fage. Sai katin ceton rai, inda za ki durƙusa ki yi ta danna ƙirjin mutum-mutumin roba har gwiwarki ta yi tsami, kuma katin yana ƙarewa, a sake komawa a sake durƙusawa. Sai ki tara awannin aiki masu yawa a ƙarƙashin wanda ya riga ya sami takarda, yana duba ki yana sa hannu. In sun cika, sai hukumar da ke kula da sana'ar a ƙasa baki ɗaya ta ba ki izinin zama jarrabawa. In kin ci, ba ki gama ba, don a jihar nan sai kin je hukumar likitoci ta yi miki rajista. Kafin wannan rajistar, ko kin fi kowa iyawa, ɗaliba ce ke. Ba za a bar miki majinyaci ke kaɗai ba, dole mai takarda ya zauna a gaban allo yana kallo.

Ina cikin wannan hali ne maganar Hajiya Memuna ta taso. Hajiya 'yar zangon Kumasi ce, ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma tana cikin waɗanda suka tarbe ni lokacin da na zo garin nan ban san ko'ina ba. Ita ta koya mini tuƙi a filin ajiye motoci na wani kanti, tana yi tana zagina cikin ƙauna. Motar 'yan makaranta take ja, doguwar rawaya ɗin nan, kuma tana ji da aikinta kamar me. Wata rana da rana tsaka, ta tsaya a jar danja, barci ya sace ta a kan sitiyari. Motocin baya suka yi ta hon, yara suka yi ta dariya, ɗaya ya je gida ya ba uwarsa labari. Aka tura ta wurin likita, likita ya ce sai an yi mata gwajin barci. Wurin aiki suka sauke ta daga kujerar direba suka mayar da ita mai raka yara a bayan mota. Suka ce in ba ta kawo takardar likita kafin a buɗe sabuwar shekarar karatu ba, za su ba wani kujerar.

Abin da sauƙi da a ce Hajiya mai sauƙi ce. Inshorarta wurinmu kawai ta sani, wurinmu kuma masu takarda biyu ne a lokacin, duk maza, don macen da muke da ita ta bi mijinta wani gari. Da na yi mata bayanin kyamarar da ke ɗakin, sai ta dafe ƙirji.

"Ei, Rabi! In cire ɗankwali, in kwanta in baje, wani ƙato yana zaune yana kallona har asuba? Ba da ni ba kraa, ko kaɗan."

Na ce, "Hajiya, ni zan jona miki komai, shi allo kawai zai duba."

Ta ce, "Allon wa yake nunawa? Ba ni ba?"

Gaskiyarta ce.

Bayan kwana biyu sai ga ta a gidana da kwanon waake, shinkafa da wake irin ta Kumasi, mai zafi a hannu ɗaya, da wani ƙunshi naɗe a zane a ɗaya hannun. Ta kwance a tsakiyar falo. Na'urar hura iska ce, wadda muke kira sifaf, da mesarta da takunkumin robarta. Ta aro ta ne a wurin wani Alhaji a Sedgefield da ya sayi sabuwa. Kun san halinmu, a wurinmu babu abin da ba a aro, daga tukunyar biki har keken guragu. Hajiya ta gama tsara komai a ranta: ni in murɗa mata na'urar daidai da ita, ta yi sati tana kwana da ita, in rubuta cewa ta warke, a wuce wurin.

Na ce, "Hajiya, ƙarfin iskar da ke cikin wannan, likita ne ya yanka wa Alhaji shi bayan an gwada shi. Naki ba wanda ya san shi. Ni kuma ko na sami takarda ba ni da ikon taɓa shi sai da umarnin likita, balle yanzu. In aka ji na yi, ko ƙofar jarrabawar ba zan gani ba."

Ta ce, "Wa zai ji? Ni da ke ne a ɗakin nan."

Na ce, "In iskar ta yi miki kaɗan kika sake gyangyaɗawa da yaran mutane a mota, kowa zai ji."

Ta naɗe kayanta ta fice. Waaken dai ta bar mini, amma kwanon sai ta aiko aka karɓa. Daga ranar ta ɗauke mini wuta. A masallaci in na gaishe ta sai ta amsa da ka, kuma labari ya zaga cewa Rabi ta zama Baturiya, ba ta san mutunci ba sai doka. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na aika mata da saƙo ta bakin Baban Sadik cewa ta yi haƙuri, jarrabawata ta kusa, ina samun rajista ni da kaina zan yi gadinta, babu namijin da zai leƙa allon.

Sai na je na faɗi jarrabawar.

Wannan ita ce muguwar shekarata. A wurin jarrabawar an sa na zazzage aljihu, wata mata ta kai ni gefe ta duba kunnuwana a ƙarƙashin hijabi, aka zaunar da ni gaban kwamfuta. Na shiga da tunanin za a tambaye ni abin da hannuna ke yi kullum. Ashe akwai su bugun zuciya iri-iri da sunayensu, da barcin jarirai, da magungunan da ke canza zanen ƙwaƙwalwa, da lissafin yadda ake tace hayaniyar lantarki daga waya. Kowace tambaya amsoshinta huɗu, biyu daga ciki kamar tagwaye. Na fito aka miƙo mini takarda a kan tebur, na karanta a mota, na daɗe ban tayar da motar ba. Kafin in isa gida labarin ya riga ni, don a garin nan ko atishawa ka yi a Summerfield za a ce maka yarhamukallahu a East Greensboro.

Mista Wolta bai ce sannu ba. Ya ɗauko wasu tsofaffin zane-zanen barci ya dire a gabana, ya ce daga yau duk abin da na yi sai na gaya masa dalili. Na goge fata, me ya sa? Na matsar da waya, me ya sa? In na ce haka aka koya mini, sai ya ce ko dokinsa ya san wannan amsar. Na manna zanen bugun zuciya a jikin firij da madubin banɗaki. Baban Sadik ya zama ɗan gwaji, duk ƙarshen mako sai na aune masa kai, har wata Juma'a ya tafi masallaci da jan ɗigo a goshi aka yi ta tambayarsa ko lafiya. Hutun makaranta na ta tafiya, Hajiya na zaune a gida, kujerarta na lilo. Duk wanda ya haɗu da ni a shagon nama sai ya ce, "Yaya karatu?" Ni kuwa na san ba karatuna ne ya dame su ba.

Zama na biyu na ci. Ban yi guɗa ba sai da na rufe ƙofar mota. Daga nan na tura takardu hukumar jiha, na koma duba waya kamar mai jiran haihuwa. Rajistar ta fito ana saura 'yan kwanaki a koma makaranta. Likitanmu ya rubuta umarni cewa a yi wa Hajiya gwajin a dare ɗaya: rabin farko a ga abin da ke damunta, in an ga abin da ake zargi, rabi na biyu in sa mata sifaf in nemo ƙarfin iskar da ya dace da ita. Mista Wolta ya ɗauki nasa majinyacin a ɗaya ɓangaren, ya juya kujerarsa ya ba allona baya. Na kira Hajiya da kaina. Ta ce, "To, Allah ya kai mu." Na ce ta wanke kai, kada ta shafa komai. Ta ce ta ji.

Ta ji ɗin kuwa. Da magariba sai ga Hajiya ta shigo da akwati, ƙamshin turare ya riga ta isowa. A wurinta, mace ba ta kwana a wani wuri da kai a tsefe kamar mai takaba. Ta wanke kan kamar yadda na ce, sannan ta je aka yarfa mata ƙananan kitso, matsattse, aka bi kowace tsaga da man kaɗanya har yana ƙyalli. Yatsunta goma kuma sun sha baƙin lalle har farce. Manni ba ya kama fata mai maiƙo, jar fitilar yatsa kuma ba ta ratsa baƙin lalle da kyau. In aka ɗage gwajin, babu wani gurbi sai bayan an buɗe makaranta. Na tsaya ina kallonta.

"Ya yi kyau ko?" in ji ta.

Na ce, "Ya yi kyau, Hajiya. Zauna in tsefe shi."

"Ki me? Kin san awa nawa na yi a zaune?"

"Hajiya, ko kitson ko motar."

Ta harare ni, ta ja tsaki, ta zauna. Na ciro tsinke da mataji daga jakata, don har yau ba na fita babu su. Na tsefe kan nan tas, na kai ta banɗaki na wanke shi da sabulu har ya daina santsi, na busar. Sannan na ɗauko tef da jan fensir na auna, daga karan hanci zuwa ƙeya, daga kunne zuwa kunne. Da ɗigon suka fito, sai na ja tsaga ta bi ta kan kowane ɗigo, na kama mata manyan kalaba a tsakaninsu. Fata ta fito fili a duk inda waya za ta zauna, gashi kuma ya kwanta ba zai tura ta ba. Abin auna iskar jini na canza shi da irin wanda ake maƙalawa a kunne. Hajiya ta duba madubi ta ce kitson bai da fasali, na ce ba na biki ba ne.

Akwai gwajin da ake yi kafin a kashe fitila, ta lasifika, don a tabbatar kowace waya na aiki. Kullum da Turanci nake yi. Ranar na danna maɓalli na ce, "Hajiya, buɗe ido. Rufe. Dubi hagu, dubi dama. Ciji haƙora. Motsa yatsun ƙafa. Yi minshari."

Ta ce, "Ni ba na minshari."

Ba a jima ba ɗakin ya ɗauka. Abin da na gani a allon ba zan faɗa muku ba, don sirrinta ne, kuma riƙe sirri na cikin abin da na sa hannu a kai. Abin da ita da kanta take ba mutane labari shi ne na shiga na sa mata takunkumin, ta yi mita, ta koma barci. Na zauna ina ƙara iskar kaɗan-kaɗan, ina jira, ina duba, har zanen numfashin ya daidaita. Can wajen asuba sai na ga layukan idanu sun fara kai da kawo da sauri, haɓa ta saki. Duk mai wannan aiki ya san mene ne wannan. Mutumin da ya daɗe numfashi na katse masa barci, ranar da ya sami iska sai mafarki ya zo masa da yawa, kamar an buɗe famfo. Mafarkin ya daɗe a wurin Hajiya ƙwarai, ni kuma ban motsa daga kujera ba.

Da lokaci ya yi na tashe ta, na jiƙa mannin da ruwan ɗumi ina ɓamɓare wayoyin don ta yi alwala. Ta ce, "To, malama mai takarda, me kika gani?"

Na ce, "Likita ne zai gaya miki, Hajiya. Ni ba a yarda in faɗa ba."

Na jira faɗa, bai zo ba. Ta ce, "To ni na ga wani abu. Na ga Mamata a zango, tana soya ƙosai a ƙofar gida, tana kirana in kawo mata tire. Har ƙamshin man na ji. Rabi, tun kafin ta rasu rabona da mafarki, na ɗauka tsufa ne ya ɗauke mini shi." Ta share ido da bakin zanenta, ta ce, "Medase paa, na gode ƙwarai, ƙanwata." Na cire wayar da ta rage.

Likita ya rubuta mata tata na'urar da nata ƙarfin iskar, ta Alhaji ta koma Sedgefield a cikin zanenta. Wurin aiki suka ga takarda suka riƙe mata kujerar, bayan ta yi 'yan makonni da na'urar likita ya sake dubawa ya sa hannu, ta koma kan sitiyari. Ni kuma har yau ban huta da takarda ba. Rajistar jiha sabuntawa ake yi, katin ceton rai sai an sake durƙusawa, takardar hukumar ƙasa kuma sai kin tara awannin ƙarin karatu, in ba haka ba ki koma ɗakin jarrabawa da furfurarki. Saboda haka Ummi, in kina so ki zo, ƙofa a buɗe take, amma ki taho da takardar sakandarenki da gwiwoyi masu ƙwari.

Hanyar motar Hajiya ta layinmu ta bi. Ina dawowa daga aiki da safe, in yi wanka, in ja labule, kaina ya taɓa filo ke nan sai in ji doguwar motar ta rage gudu a ƙofar gidana, hon sau biyu. Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah ta daina, na ce Hajiya ni fa yanzu darena ya fara. Ta ce ba za ta daina ba, so take in san idonta biyu.